Teburin mai shayi a Garwa: abin da mai cutar Crohn zai karya da shi, da abin da zai ce a cire

Da an sallame sallar asuba a Garwa ko Marwa, wanda bai karya a gida ba yana da wuri uku: kaskon mai ƙosai da makala (wato fanke), bokitin mai koko, sai teburin mai shayi. Ga mai lafiyayyen ciki duk ɗaya ne, aljihu ke zaɓa. Ga mai cutar Crohn kuwa, teburin mai shayi ya fi sauran biyun nesa ba kusa ba, don a nan ne kawai ake haɗa abin a gabanka. Koko an riga an dama shi da citta da barkono tun kafin ka iso, ƙosai an riga an markaɗa shi da albasa da attaruhu. Mai shayi kuwa sai ka faɗa yake zubawa.

Cutar dai kumburi ce da gyambo a bangon hanji, tana tashi tana lafawa. Sunan na wani likita ne ɗan Amurka, Burrill Crohn, wanda shi da abokan aikinsa biyu suka bayyana ta a 1932. Tana iya kama ko'ina daga baki har dubura, amma ta fi zama a ƙarshen ƙaramin hanji, daidai inda jiki ke tsotse bitamin B12 da ruwan matsarmama. A yankinmu tarin fuka na hanji yana kama da ita ƙwarai, kuma maganin Crohn na iya ƙara wa mai tarin fuka ciwo, don haka maganar nan ta wanda likita ya tabbatar masa ce. Abinci ba ya warkar da ita. Yana dai rage murɗa da zawo, ko ya ƙara su, musamman da safe, lokacin da hanji ya fi motsi da zarar abu ya shiga ciki. Mai shan furednisolon kuma, maganin da ake ba masu cutar don kwantar da kumburin, da safe ake so ya sha, bayan ya ci wani abu, to tsallake karin kumallo ba mafita ba ne.

Burodi shi ne abin da teburin ya fi cin maki a kai. Dogon burodin nan irin na Faransa da farar fulawa ake yinsa, dusarsa kaɗan ce, kuma abin da ake nema ke nan idan ciwo ya tashi ko hanji ya tsuke. Rabin sanda ya isa. Idan ɓawon ya bushe, ko akwai gyambo a baki, a tsoma a shayi. Wasu alkama na kumbura musu ciki ko da fara ce. Waɗannan su koma kan shinkafa.

Ƙwai ma alheri ne, sai dai hannun mai shayi ke ɓata shi. Dubi yadda yake yi in ba ka yi magana ba: ya fasa biyu a kofi, ya yanka albasa a tafin hannu, ya ƙara attaruhu da rabin dunƙulen magi, ya kaɗa, sannan ya karkata kwalbar mai, Diamaor ne ko man gyaɗa, har sai gindin kaskon ya ɓace. Wainar ta fito tana ƙyalli. Babban cokali ɗaya na mai gram 14 ne, kuma ba kasafai yake tsayawa a ɗaya ba. Wanda ƙarshen ƙaramin hanjinsa ya kumbura, ko aka yanke masa shi, ba ya narkar da mai yadda ya kamata: man da ruwan matsarmama su gangara babban hanji, su jawo ruwa, kafin hantsi an yi bayi sau uku. Albasa da tafarnuwa kuma suna da wani nau'in sukari da ba ya narkewa sai ƙwayoyin hanji sun ruɓar da shi, daga nan iska da kumburi. Maganin duk wannan magana ɗaya ce: "Malam, ƙwai biyu, ban da albasa, ban da yaji, mai ƙaramin cokali ɗaya, a bar shi ya nuna sosai." In yana da dafaffen ƙwai na ranar, ya fi. Kowane ƙwai yana da furotin kamar gram 6. Mai kilo 60 da ciwonsa ya tashi yana buƙatar gram 72 zuwa 90 a yini, wato gram 1.2 zuwa 1.5 kan kowane kilo, to ƙwai biyu somin taɓi ne kawai. Wainar da ake cakuɗawa da taliya a cusa a burodi a shafe da mayonis, a bar ta sai ciwo ya lafa. Kifin gwangwani ba laifi in an tsiyaye man.

Inda aka fi faɗawa shi ne madara. Ba kowane mai Crohn ne madara ke damu ba, kuma barinta gaba ɗaya ba dalili asara ce, don furednisolon yana cin ƙashi, ƙashi kuma yana son kalsiyam. Matsalar ita ce laktos, sukarin da ke cikin madara. Kofi guda na madarar shanu, mililita 250, yana da kusan gram 12, kuma wajen nan ne iyakar yawancin waɗanda cikinsu bai cika narkar da shi ba. In hanji na kumbure iyakar ta kan sauko. Madarar gari, irin su Nido, fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinta laktos ne, don haka manyan cokali uku masu tozo sun kai kofin nan. Mai shayin da yake son ka shi ne zai ƙara maka na huɗu. Madarar gwangwani mai kauri, wadda ake huda wa ƙofa biyu tana zuba kamar zare, fiye da rabin nauyinta sukari ne, kuma sukari mai yawa a lokaci guda yana jawo ruwa cikin hanji. A fara da cokali ɗaya na ta gari, a riƙe haka kwana uku a gani, sannan a ƙara.

Kindirmo, ko kosam kamar yadda ake cewa a nan, ya fi madara sauƙi a ciki, don tsamin ya cinye wani ɓangare na laktos ɗin. Sharaɗin shi ne a tabbata an tafasa madarar kafin a kwantar da ita. Wanda ke kan azatayofirin, wani maganin cutar, ko furednisolon garkuwar jikinsa a ƙasa take, kuma ɗanyen nono na iya ɗauke da tarin fuka na shanu da ƙwayar burusela. In ba a san hannun da ya yi ba, yogot na kamfani marar gutsattsarin 'ya'yan itace, wanda bai bar firiji ba, ya fi kwanciyar hankali.

Shi kansa ruwan shayin a ce a yi shi tsarara, ganye ɗaya a tsoma a cire, sukari ƙaramin cokali ɗaya ko biyu. Ruwan butar da aka dafa da citta da kanumfari da masoro ya kan yi wa mai gyambo zafi. A nemi farin ruwan zafi. Nescafé yana zaburar da babban hanji, ba na ranar zawo ba ne. Sannan shayi yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe, ga shi ƙarancin jini ya yi yawa a masu wannan cuta, don haka mai shan maganin ƙarin jini ya raba shi da shayi da awa ɗaya ko biyu. Zumar Ngaundere tana da daɗi, amma ita ma tana saki ciki in ta wuce ƙaramin cokali.

Sauran biyun, mai ƙosai da mai koko, ba sa buƙatar dogon bayani. Ƙosai wake ne a cikin mai, iska da zawo a faranti ɗaya. Makala mai ne zalla. Koko ba gasarar ce matsala ba, tun da an tace ta, kayan yajin ne. In mai kokon za ta yarda ta ware gasara kafin a sa yaji, a karɓa a dama a gida. Kunun tsamiya yana saki ciki. Fura tana da dusa da yaji, ga nonon da ba a san asalinsa ba.

Abin da teburin mai shayi ba ya da shi, kuma shi ne babban gibinsa, shi ne abincin ranar da ciwo ya yi tsanani. Wannan sai gida: farar shinkafa, ta Yagwa ko ta kanti, manyan cokali huɗu, a jiƙa ta kwana, a markaɗa, a tace da rariya, a zuba a rabin lita na ruwa mai tafasa ana juyawa kamar minti goma sha biyar, da ɗan gishiri. In ciki ya karɓa, a narka ƙaramin cokali na markaɗaɗɗiyar gyaɗa mai laushi sumul. Gyaɗar da ake taunawa kuwa, da aya, da guguwar masara, da zaren mangwaro, su ne ke toshe hanjin da ya tsuke. Ayaba nunanniya ko gwanda ba 'ya'ya sun dace a gefe. Quaker da aka dafa ya yi laushi yana taimaka wa wasu wajen daure bayan gida, amma mai tsukewar hanji ya tambayi likitansa tukuna. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40, mai zawo ya haɗa da ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙananan cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wannan takurawar ta kwanakin tashin ciwo ce. In ya lafa a riƙa mayar da abinci ɗaya bayan ɗaya, ana rubuta abin da aka ci da abin da ya biyo baya.

Sau da yawa kusa da teburin akwai mai tiren magunguna. In ciki ya murɗa bayan shayi, kada a karɓi ibufurofen ko dikulofenak a wurinsa, suna iya tayar da gyambon. Farasitamol ne ake sha. In kuma murɗar ta zo da amai, ciki ya kumbura, ba kashi ba tusa, alamar toshewar hanji ce, a daina ci a nufi asibiti.