Farar ledar rufe yayyafin iri: ta yi aiki a reno, ban da bayan dashe

Lambuna yana yankin Kadawa, inda muke shan ruwan dam ɗin Tiga. Duk mai noman rani a nan ya san tumatir ba ya damuwa da hunturu sosai, amma tattasai da attaruhu da yalo ba sa son sanyin dare. Daga Disamba zuwa Janairu sanyin asuba kan sauka ƙasa da digiri 15, alhali irinsu ya fi son ƙasa mai ɗumin digiri 25 zuwa 30 kafin ya tsiro. Shi ya sa bana na sayi farar leda mai kauri a wani shagon kayan noma a Sabon Gari, Kano, na lanƙwasa tsumagu a kan fangali na rufa.

Maganar gaskiya, a wajen tsiro ta biya kuɗinta. Tattasan da ke ƙarƙashinta ya leƙo tun fangalin da na rufe da bunu yana barci, kuma ya fito bai ɗaya, ba nan tsiro can fili ba. Da sassafe in ka ɗaga gefen ledar za ka ga raɓa ta taru a cikinta tana ɗiga, ka sa yatsa a ƙasa ka ji ɗumi. Yalon ma ya yi ganye shar, bai yi wannan tsumburewar da muka saba gani ba.

Sai dai tana da wahala. Dole ka buɗe ta da hantsi, ka mayar da la'asar, kullum. In ka bar ta rufe rana ta take, zafi da laima su kashe maka shuka daga gindi. Mai shagon bai ce uffan a kan wannan ba, cewa kawai ya yi, "Alhaji, ka rufa ka je ka yi barcinka." Wanda bai san aikin ba zai yi asara. Ƙurar hazo tana dusashe ta, sai an riƙa gogewa, iska kuma ta yage min gefen gabas inda tsumagiya ta soke ta.

Bayan dashe kuwa babu abin da za ta yi maka, don ba wanda zai rufe kadada guda da leda. Furen attaruhu ya ci gaba da kakkaɓewa har sanyi ya fara sauƙi a Fabrairu.

Shawarata, mai ƙaramin reno kusa da gida ya saye ta. Wanda lambunsa ke da nisa, ba kullum yake zuwa ba, bunu ya fi masa.