Frankenstein na 1931 da na 1957: wanne za ka fara kallo?

Ɗan'uwa, ka ce ka samu tsofaffin finafinan Frankenstein guda biyu, ɗaya baƙi da fari na 1931, ɗaya mai kala na 1957, kana tambaya ko labari ɗaya ne aka maimaita, in kuma ba haka ba ne, wanne ya kamata ka fara kallo. Na kalli kowannensu sau da dama. Sunan ɗaya ne, ƙashin bayan labarin ma ɗaya ne, amma inda kowanne ya ajiye abin tsoronsa daban ne. Na 1931 zai firgita ka da dodon, daga baya ya bar ka da tausayinsa. A na 1957 kuwa, mutumin da ya harhaɗa dodon shi ne abin gudu. Zan faɗi yadda duka biyun suka ƙare, saboda haka in ba ka so a ɓata maka, tsaya nan, je ka kalli na 1931 tukuna ka dawo.

Da farko, Frankenstein sunan masanin kimiyyar ne, dodon ba shi da suna. Haka yake tun a littafin Mary Shelley, wanda ta fara rubutawa a 1816 a bakin tafkin Geneva tana 'yar shekara 18, aka buga shi a Landan a 1818. A littafin, Victor ɗalibi ne a jami'ar Ingolstadt ta ƙasar Jamus. Daren da abin da ya haɗa ya buɗe ido, sai ya tsere ya bar shi. Dodon littafin yana koyon magana da karatu, har ya zaunar da mai shi ya yi masa ƙorafi tiryan-tiryan. Babu ɗaya daga cikin finafinan nan biyu da ya bi littafin sau da ƙafa, kuma duka biyun sun mayar da dodon bebe. Ba su ne na farko ba ma: kamfanin Edison a Amurka ya yi wani gajere marar sauti tun 1910, inda dodon ya fito daga cikin wata ƙatuwar tukunya.

Na 1931 na kamfanin Universal ne a Hollywood, James Whale ya ba da umarni. Tsawonsa kusan minti 70. Yana buɗewa a maƙabarta, Henry Frankenstein, wanda Colin Clive ya fito a matsayinsa, da yaronsa Fritz sun laɓe suna jiran masu jana'iza su watse su tone gawa. Wannan Henry ɗin kana ganinsa ka ga mai zazzaɓi: ba barci, ido ya faɗa, ya yi watsi da amaryarsa da mahaifinsa ya tare a wata tsohuwar hasumiya. Daren da aka ɗaga gawar zuwa rufin hasumiyar ana tsawa da walƙiya, hannunta ya motsa, sai ya haukace da ihu, har ya furta cewa yanzu ya san yadda Ubangiji yake ji. Wannan kalma ta yi wa mutanen wancan zamani nauyi, kamar yadda za ta yi wa kunnenmu, shi ya sa daga baya masu tace finafinai suka sa aka danne ta da ƙarar tsawa. Amma Henry ba mugu ba ne. Buri ne ya rufe masa ido, kuma da abin ya ɓaci ya yi nadama, ya shiga sahun masu farautar dodon da kansa.

Ƙarfin fim ɗin duk yana jikin Boris Karloff, ɗan Ingila da ya shekara da shekaru yana ƙananan fitowa, yana da shekara 43 a lokacin. Ko sunansa ba a sa a farkon fim ɗin ba, alamar tambaya aka rubuta a gurbinsa. Jack Pierce ne ya yi masa kwalliyar da duniya ta sani har yau: kai shafaffe a sama, goshi mai tudu, fatar ido a sauke, da ƙarafa biyu a wuya, waɗanda mutane ke ɗauka ƙusoshi ne alhali mashigar lantarki ce. Dubi shigowarsa ta farko. Da baya ya shigo ƙofa, ya juyo a hankali, kyamara ta yi tsalle zuwa fuskarsa. Sai Henry ya zaunar da shi, ya buɗe wata taga a rufi, hasken rana ya sauko. Dodon, wanda tun da aka tashe shi a duhu yake, ya miƙe ya ɗaga hannuwa biyu sama yana so ya kamo hasken. Henry ya rufe tagar. Hannuwan suka sauko, suka tsaya a buɗe suna rawa a gabansa, kamar na yaron da aka ƙwace wa abu bai san laifinsa ba. Ban taɓa wuce wurin nan zuciyata ba ta karye ba. Bayan wannan me ya biyo? Fritz ya shigo da bakin wuta, daga baya da bulala, aka ɗaure dodon da sarƙa a ɗakin ƙasa. Kisansa na farko na mai azabtar da shi ne.

Yanzu ka ajiye wannan a gefe, ka ɗauko na 1957. Kamfanin Hammer na Birtaniya ne ya yi shi, sunansa The Curse of Frankenstein, Terence Fisher ya ba da umarni, Jimmy Sangster ya rubuta. Peter Cushing ne Victor Frankenstein, a nan kuma mai sarautar gado ne da ake kira Baron, mai dukiya, mai tsafta, mai ladabin magana. A kurkuku aka fara, yana ba wani limamin coci labarinsa ana gab da fille masa kai. Cushing ba ya ihu, ba ya rawar jiki. Yakan yanke abu daga jikin gawa, ya goge jinin a gaban rigarsa ba tare da ya ko duba ba, ya ci gaba da magana. Shi da malaminsa Paul Krempe sun fara da tayar da mataccen ɗan kwikwiyo. Da Victor ya ce sai mutum, Paul ya ja baya, shi kuwa ko gezau.

Wurin da finafinan biyu suka fi rabuwa shi ne maganar ƙwaƙwalwa. A na 1931 tsautsayi ne: an aiki Fritz ya sato ƙwaƙwalwa daga ajin likitanci, ya firgita ya saki kwalbar mai lafiya ta fashe, ya ɗauko ta wani mai laifi bai faɗa ba. Gaskiya wannan shi ne abin da na fi ƙi a fim ɗin, domin yana neman ya ce mugunta a cikin nama take, alhali wasan Karloff duk yana ƙaryata hakan. Littafin ma bai san da wannan zance ba. A na 1957 babu tsautsayi a wajen samo ta. Victor yana son ƙwaƙwalwar masani, sai ya gayyaci wani dattijo, Farfesa Bernstein, gidansa, ya ciyar da shi, ya hau da shi bene ya nuna masa wani zane, ya tunkuɗo shi ƙasa. Baƙonsa ne fa, wanda ya ci abincinsa. Ƙwaƙwalwar ta lalace ne daga baya, a kokawar da suka yi da Paul. Kada ka ɗauka marubucin ya yi nisa da tunani: a Edinburgh a 1828, Burke da Hare sun riƙa kashe mutane suna sayar wa wani malamin tiyata gawarwakin, kuma irin wannan ta'asa na cikin abin da ya kai ga dokar 1832 da ta tsara yadda makarantun likita za su samu gawa.

Dodon Hammer, Christopher Lee ne, dogo ƙwarai. Kwalliyar Pierce mallakar Universal ce, don haka dole Phil Leakey ya ƙirƙiro wata: fuska mai ɗinki da ruɓa, ido ɗaya fari fat, kamar wanda aka ciro daga mummunan hatsari. Lee yana tafiya kamar gaɓoɓinsa ba sa jin umarninsa, kuma akwai ban tausayi a ciki, sai dai fim ɗin bai ba shi fili kamar yadda aka ba Karloff ba. Da ya yaye ƙyallen fuskarsa, wuyan Victor ya fara cafka. Wurin da ya yi daidai da na hasken rana shi ne inda Victor, bayan Paul ya harbe dodon an binne shi, ya sake tono shi ya yi masa aiki a kai, ya nuna wa Paul shi a ɗaure: tashi, zo nan, zauna. Dodon yana bi da ƙyar, yana kau da fuska, kamar kare da aka horar da duka. A can wancan fim, kana kallon wanda ke roƙo. A nan idonka yana kan mai ba da umarnin, da irin alfaharin da ke fuskarsa.

Sai kuma Justine, 'yar aikin gidan. Victor ya yi mata alkawarin aure, ta ce tana da cikinsa, ta yi barazanar tona asirin ɗakin gwajinsa. Ya bari ta shiga ɗakin, ya kulle ƙofa daga waje, ya tsaya yana saurare. Abin da ya biyo baya kai tsaye shi ne teburin karin kumallo, yana neman Elizabeth, wadda zai aura, ta miƙo masa jam ɗin lemo cikin ladabi. A wurina babu jinin da aka nuna a fim ɗin da ya kai wannan sanya tsigar jiki tashi. Jinin kuwa akwai shi, ja wur, wanda masu kallo na lokacin ba su saba gani a fim ɗin ban tsoro ba; harbin da Paul ya yi wa dodon a ido ya isa misali. Masu sharhi a jaridun Birtaniya da yawa sun yi tir da fim ɗin, jama'a kuwa suka yi ta tururuwa, shekara ta zagayo Hammer ta sake haɗa Cushing da Lee a Dracula.

Mutuwar da ta fi ciwo a na 1931 ita ce ta yarinya Maria a bakin tafki. Da ta ga dodon ba ta gudu ba. Ta kama hannunsa, ta ba shi furanni, suna jefawa a ruwa suna kallon yadda suke yawo a sama. Nan ne ya yi murmushi. Furanninsa suka ƙare, ya ɗauke ta ya jefa, a zatonsa ita ma za ta yi yawo. Da ta nutse, ya ruɗe ya ruga daji. Mahaifinta ya ɗauko gawar ya ratsa tsakiyar gari ana kiɗan bikin Henry, kiɗan yana mutuwa a duk inda ya wuce. Daga nan sai taron gari da wuta da karnuka, har aka ritsa dodon a injin niƙa mai aiki da iska aka cinna masa wuta, yana kururuwa a ciki.

Ka lura da wanda ya biya bashin a kowanne. Henry ya tsira, yana jinya amaryarsa na gefensa, mahaifinsa yana ɗaga kofi yana yi wa gidan fatan magaji. Wanda bai roƙi a yi shi ba ne ya ƙone. Victor kuwa, dodonsa ya kama da wuta ya faɗa kwatamin asid ya narke, ba a bar ko ƙashi ba, saboda haka babu shaidar cewa ya taɓa wanzuwa. Paul, mutum ɗaya da zai iya gaskata shi, ya zo kurkukun ya ƙi. Aka tasa ƙeyar Victor zuwa injin fille kai kan kisan Justine. Ta fuskar adalci, na 1957 ya fi gamsar da ni.

Finafinan da suka biyo baya sun tabbatar da wannan rabuwa. Universal dodon ta bi: Karloff ya sake fitowa a 1935 da 1939, sannan Lon Chaney ƙarami, Bela Lugosi da Glenn Strange suka gaji kwalliyar, masana kimiyyar suna canzawa, har aka kai shi fim ɗin barkwanci a 1948. Hammer kuwa Baron ta bi: Cushing ya riƙe matsayin a finafinai shida tsakanin 1957 da 1974, kowanne da sabon abin da ya haɗa. Masu zuwa daga baya, Kenneth Branagh a 1994 da Robert De Niro a matsayin dodon, da Guillermo del Toro a 2025, sun koma kusa da littafin, suka mayar wa dodon bakinsa.

Shawarata, fara da na 1931. Na 1957 an gina shi ne don masu kallon da suka riga suka san na farkon, kuma rabin daɗinsa yana cikin ganin abin da ya juya. In da hali, ka sa Bride of Frankenstein na 1935 a tsakani, shi ma na Whale ne. A ciki dodon ya faɗa bukkar wani makaho mai goge, wanda ya ba shi abinci da wurin kwana ya koya masa 'yan kalmomi. Hammer ma ta kawo makaho a daji, amma nata dodon kashe shi ya yi. In ka ga waɗannan biyun a jere ba ka buƙatar dogon bayanina.

Abu ɗaya za ka duba kafin ka zauna: kwafin na 1931 da ke hannunka. Shekaru da dama ana nuna shi an yanke wurin jefa Maria, dodon yana miƙa mata hannu sai a tsallake, daga baya a ga mahaifinta ɗauke da gawa. Yankan ya sa mai kallo zargin abin da ya fi muni, ya kuma ɓoye ruɗewar dodon. Sai a shekarun 1980 aka mayar da wurin. Tura fim ɗin gaba zuwa bakin tafkin ka gani. In babu jefawar da gudunsa cikin daji, nemi wani kwafin.