Normandi ko Bretagne: inda mai zane zai kafa allonsa a bakin tekun Faransa

Wani ɗan'uwa a wannan zaure, wanda ya saba zanen ƙauyuka da kasuwanni da fentin mai, ya ce ya samu damar zuwa Faransa na kimanin mako uku, kuma yana son ya ƙarar da su a bakin teku yana zanen karkara a fili, a gaban abin da yake zanawa, amma ya rasa wanda zai ɗauka tsakanin Normandi da Bretagne. Ya ƙara da cewa wannan ce fitarsa ta farko zuwa Turai, kuma ba shi da niyyar hayar mota. Malam, shawarata ita ce ka tafi Normandi, ko da yake a ganina Bretagne ta fi ta yalwar abin zanawa, kuma dalilin wannan zaɓi yana cikin yanayin ƙasar da motsin ruwan teku fiye da yadda yake cikin sunayen masu zanen da suka taɓa zama a can.

Yankunan biyu suna arewa maso yammacin Faransa, suna maƙwabtaka da juna, amma dutsen da aka yi su da shi ya bambanta, kuma wannan bambanci ne yake fara isa ga buroshinka. Gaɓar Normandi da masu zane suka fi sani, wato wadda ta tashi daga Le Havre ta bi ta Étretat da Fécamp da Dieppe har Le Tréport, bango ce ta farin alli mai tsawon kusan kilomita 130, wadda a wasu wurare tsayinta ya haura mita 100. Idan ka tsaya kusa da ita za ka ga allin ba fari fat ba ne: akwai layukan baƙin ƙanƙarar dutse da suka ratsa shi a kwance, ɗaya bisa ɗaya, akwai jan laka da ruwan sama ya kwararo da shi daga sama ya bar masa zane kamar tsatsa, sannan gindinsa ya yi kore saboda gansakukar teku. Duk da haka siffarsa babba ce kuma mai sauƙin kamawa. Sama, bango, ruwa, tsakuwa: da manyan faci huɗu ko biyar ka riga ka kafa hoton, sauran lokacinka kuma ya tafi ga launi. Gaɓar Bretagne kuwa ta dutsen giranit mai tauri ce da makamantansa, a yayyage take, cike da tsibirai da lunguna da bakin ƙoramu da teku yake kutsawa cikinsu, har tsawonta ya kai kimanin kilomita 2,700 idan aka bi duk lanƙwasarta. A Ploumanac'h duwatsun jajaye ne masu sulɓi, a Pointe du Raz baƙaƙe ne masu kaifi. Duk inda ka juya akwai hoto, kuma wannan ita ce wahalar, domin wanda bai saba da wurin ba yakan ɓata rabin safiya yana tunanin abin da zai bari a waje.

Sai kuma inda gaɓar take fuskanta, abin da mutane ba su cika tambaya ba sai sun isa. Bangon allin Normandi yana kallon arewa maso yamma, saboda haka da safe fuskarsa tana cikin inuwa mai shuɗi-shuɗi, sai bayan azahar rana ta zagayo ta fara dukansa, kafin magariba kuma ya koma ruwan ɗorawa da ja. Wannan tsari ne da za ka iya dogara da shi ka raba yininka. A kudancin Bretagne, wajen Concarneau da Le Pouldu, mai kallon teku yana fuskantar rana ne yawancin yini, ruwan ya zama farin ƙyalli mai kashe ido, duwatsun kuma su zama baƙaƙen siffofi. Ana samun hoto mai ƙarfi daga hakan, amma auna launi a cikin irin wannan haske aiki ne na wanda ya daɗe yana yi.

Babban abin da nake so ka riƙe shi ne cikar teku da janyewarsa, domin wanda ya saba zanen tudu da gulbi bai taɓa haɗuwa da wurin da ƙasar kanta take sauyawa a ƙarƙashin hotonsa ba. Ruwan yana cika sau biyu a yini, tsakanin cika da janyewa akwai awa shida da 'yan mintoci, kuma kowace rana lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Ma'anar wannan ita ce, idan yau da ƙarfe huɗu na yamma ka fara hoto ruwa yana cike, gobe da ƙarfe huɗu rana za ta dawo inda ka bar ta amma ruwan ba zai dawo ba, bayan mako guda kuma a wannan sa'ar zai kasance a janye ƙwarai. Haɗuwar rana da ruwa irin ta ranar farko ba ta sake zuwa sai bayan kimanin mako biyu. A Normandi wannan bai cika ɓata aiki ba, saboda bangon allin yana nan daram, ruwan yana taɓa ƙasan hoton ne kawai, ka iya komawa kwana uku a jere ka ci gaba da bangon da sararin sama. A arewacin Bretagne kuwa, inda bambancin cika da janyewa yakan haura mita 12 a Saint-Malo lokacin manyan cika, ruwan yana kwashe hoton gaba ɗaya: tashar da ka fara zanawa da jiragen kamun kifi suna yawo a kanta, bayan awa uku ta zama filin taɓo, jiragen sun kwanta a gefensu, tsibirin da ke nesa kuma ya haɗe da tudu. A kudancin yankin bambancin bai kai haka ba, amma da yake gaɓar ba ta da tsayi, ɗan janyewa ma yakan fito da duwatsun da ba ka yi lissafi da su ba. Bretagne tana son mai zanen da yake gama ƙaramin hoto a zama ɗaya, cikin awa biyu, ya naɗe kayansa.

Sai dai sauƙin Normandi yana tafe da haɗarinsa. A gindin bangon babu hanyar hawa, kuma idan ruwa ya dawo yakan rufe mashigar da ka bi tun kafin ya iso inda kake tsaye. Shahararren mai zanen Faransa Claude Monet da kansa ya gamu da wannan a watan Nuwamba na 1885 kusa da babbar ƙofar dutsen nan ta Manneporte a Étretat, lokacin da ya karanta jadawalin ruwa na wata rana daban, igiya ta maka shi da bango ta tafi da kayan aikinsa. Allin kuma yana zaftarewa ba tare da gargaɗi ba, shi ya sa hukumomin garuruwan suke hana shiga wasu wurare a ƙasa da kuma matsawa bakin gaɓa a sama. Jadawalin ruwa ana samunsa a ofishin baƙi na kowane gari da kuma a intanet, kuma yana ɗauke da lamba daga 20 zuwa 120 da ke nuna ƙarfin cikar ranar. Duk ranar da ka ga ta kusa 100, ka yi zanenka daga sama.

Ta fuskar ƙauye, wanda shi ne ainihin abin da ka ce kana nema, Bretagne ce a gaba, kuma ba zan ɓoye maka ba. Gidajen dutse masu rufin baƙin allo, ƙananan majami'u a tsakiyar gona, tashoshin masunta irin Doëlan da ke cikin wani siririn lungu, gonakin kawa a Cancale da Belon, da dajin ƙaya mai furen ruwan ɗorawa da ya lulluɓe gaɓa, duk suna nan a kusa da ruwa, mutum da teku a hoto guda. A Normandi ƙauyen yana sama ne a kan tudun da ake kira Pays de Caux, teku yana ƙasa, sai inda wani kwari ya tsaga bangon ne suke haɗuwa, kamar a Yport da Veules-les-Roses da Pourville. Amma tudun ma yana da nasa: gidajen gona da aka kewaye da dogayen bishiyoyi a kan tudun ƙasa don tare iska, shanu masu dabbare-dabbare a ƙarƙashin itatuwan tuffa, da gonakin kittani waɗanda suke yin shuɗin fure a watan Yuni. Majami'ar Varengeville, wadda take zaune a bakin gaɓa kuma mai zane Georges Braque yake kwance a maƙabartarta, ta isa aikin mako guda ita kaɗai, Monet ma ya yi ta zana ta a 1882.

Game da tarihi, kowa zai ambata maka Pont-Aven, wani gari a kudancin Bretagne inda mai zane Paul Gauguin ya sauka a 1886 ya kuma dawo a 1888 ya yi aiki tare da wani mai zanen, Émile Bernard. Yana da kyau ka san cewa abin da suka gina a can juya baya ne ga kwafar abin da ido yake gani: sun karkata ga shimfiɗaɗɗen launi da kaurin layi da zane daga tunani, kuma garin kansa yana kan kogin Aven ne, 'yan kilomitoci daga teku. Makarantar zane a fili, irin wadda kake nufi, Normandi ce gidanta. Mai zane Eugène Boudin, haifaffen Honfleur a 1824, shi ne ya ja Monet yana saurayi a Le Havre ya fitar da shi waje, kuma gidan adana zane na MuMa a Le Havre yana da tarin ƙananan gwaje-gwajensa na gajimare da shanu da bakin ruwa. Yini guda a gabansu kafin ka buɗe akwatinka zai nuna maka yadda ake sarrafa toka-toka, kuma kana fitowa daga ginin za ka tarar da irin wannan sararin sama a kanka. Lokacin da Monet ya je tsibirin Belle-Île a Bretagne a watan Satumba na 1886, ya yi niyyar mako biyu ne, amma duwatsun da ruwan suka riƙe shi har ƙarshen Nuwamba kafin ya fito da hotuna 39. Idan wanda ya girma a bakin teku ya buƙaci wannan lokaci kafin ya kama wurin, mako uku na baƙo kaɗan ne.

Rashin mota ya ƙara karkatar da ma'aunin. Daga tashar Saint-Lazare a Paris jirgin ƙasa yana kai mutum Le Havre cikin awa biyu da 'yan mintoci, Fécamp da Dieppe ma suna da tasha, kuma hanyar ƙafa mai lamba GR21 tana bin saman gaɓar, ta yadda daga masaukinka za ka iya takawa da kaya a baya ka isa wurare da dama. Bretagne ma tana da shahararriyar hanyar ƙafa, GR34, wadda ta haura kilomita 2,000, kuma jirgin sauri daga tashar Montparnasse a Paris yana isa Rennes, babban birnin yankin, cikin awa ɗaya da rabi, amma Quimper da ke can yamma ta kusa awa huɗu, Pont-Aven ba ta da tashar jirgi, Belle-Île sai an shiga jirgin ruwa daga Quiberon, motocin ƙauye kuma suna raguwa da zarar hutun bazara ya wuce.

A batun ruwan sama da iska ban ga wanda ya fi wani da abin da zai sa ka sauya shawara ba; dukansu suna da yayyafi da gajimare mai sauyawa cikin minti goma, yammacin Bretagne dai ya ɗan fi jiƙa. Fentin mai da ka saba da shi ya fi fentin ruwa dacewa, domin takarda ba ta saurin bushewa a wannan laima. Ka tafi da ƙananan alluna maimakon manyan ƙyallaye da iska za ta ɗauka, da akwatin da zai raba su kada su manne, ka kuma bar kwanakin ƙarshe don su sha iska kafin tafiya. Ruwan tsinka fenti ba a yarda da shi a jirgin sama ba, sai ka saya a can ka kuma bar ragowarsa a can. Don danne maɗorin zane, rataya masa gorar ruwa, kada ka cika jaka da tsakuwar bakin teku ka tafi da ita, saboda a Étretat ɗibarta laifi ne mai tara. Jan ƙasa da ruwan ƙasa da ka saba matsawa da yawa za su yi maka amfani a duwatsun Bretagne, amma a Normandi farin fenti ne zai fara ƙarewa, don haka ka ninka shi.

Abinci ba zai yi wahala ba a ko'ina muddin ka riƙe kifi, sai dai a Bretagne ka riƙa tambaya kafin ka karɓi wainar nan tasu ta garin wani irin hatsi da ake kira buckwheat, domin sau da yawa ana naɗe naman alade a cikinta. Masallatai da mahautan halal suna manyan garuruwa irin Le Havre da Rouen da Rennes da Brest, ba a ƙauyuka ba. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, abin da yake ba ka dogon yammaci na aiki amma yake tura isha'i can cikin dare ya kuma matso da asuba.

Saboda haka, Malam, ka yi masauki a Fécamp ko Dieppe, ba a Étretat ba, wadda mazaunanta ba su kai dubu biyu ba amma take karɓar baƙi fiye da miliyan ɗaya a shekara. Ka riƙa zuwa mata da sassafe a bas ka dawo. Ka nemi Yuni ko Satumba, ka kauce wa Yuli da Agusta. Abu biyu ne kaɗai za su sa in juya maka amsar: idan ka samu abokin tafiya mai tuƙi, ko kuma idan ka san hannunka yana gama hoto a zama ɗaya kuma jiragen masunta da gidajen dutse sun fi jan ranka fiye da haske a kan bango. In haka ne, ka sauka a Quimperlé, inda jirgin ƙasa yake tsayawa, ka taƙaita kanka ga Doëlan da Le Pouldu da bakin kogin Belon, kada ka yi ƙoƙarin zagaye yankin duka.