Kafin ka sayi alekzandirait: wane gwaji ne zai cece ka?

Alekzandirait dutse ne mai sauya launi: kore shar da rana, ja-ja a hasken kyandir. A tsaunukan Ural na Rasha aka fara gano shi cikin shekarun 1830, daga baya aka same shi a Siri Lanka da Barazil. Ƙarancinsa ne ya sa jabunsa suka cika kasuwa.

Na'urar gwada daiman ba ta da aiki a nan. Gwajin karce kuwa lalata dutse kawai yake yi.

Ni dai sikeli da kofin ruwa nake so. Ka nemi sikelin da ke karanta 0.001 na giram. Auna dutsen a bushe, ka sauke shi, ka ɗora kofin ruwa, ka mayar da sikelin sifili, sannan ka ɗaure dutsen da siririn zare ka nutsa shi ba tare da ya taɓa gindin kofin ba. Raba adadin farko da na biyu, wato wanda sikelin ya nuna yayin da dutsen ke rataye cikin ruwa. Na gaske yakan ba da kusan 3.7. Gilas na gama-gari ba ya wuce wajen 2.5. Yakutun masana'anta da aka sa wa sinadarin banadiyom kuwa 4.0 yake bayarwa, kuma shi ne ya cuce ni. Na saye shi saboda girmansa da tsabtarsa, alhali su ne ya kamata su tsorata ni, don na asali da ya haura karat 1, wato giram 0.2, yana da wuyar samu. Sai a gida na lura launinsa na rana toka-toka ne mai sirkin shuɗi, babu kore ko kaɗan.

Ka haɗa da gilashin dubawa mai ninka girma sau 10. In ka ga ƙananan kumfa ko layuka masu lanƙwasa a ciki, ajiye shi.

Amma fa akwai alekzandirait da ake haɗawa a ɗakin gwaji tun shekarun 1970, adadin da yake bayarwa a gwajin ruwa daidai da na wanda aka haƙo daga ƙasa. Wannan sai takardar shaida daga cibiyar binciken duwatsu masu daraja irin GIA ta Amurka, ita ma ana buga ta bogi. Ka duba lambarta a shafin cibiyar, ka gwada nauyi da awon da ke rubuce da dutsen da ke tafin hannunka. Mai sayarwar da ya hana a auna, ko ya nace sai a ƙarƙashin fitilarsa za ka duba, ka bar masa kayansa.