Kwallon motsa jiki mai santimita 75, wata hudu ina zama a kanta da kilo 128

Ni dai mutum ne mai jiki, kilo 128 nake, tsawona santimita 172. Ciwon kugu ne ya sako ni gaba har likitan fisiyo, wato mai gyaran jiki ta hanyar motsa gabobi, ya ce in nemi katuwar kwallon robar nan da ake zama a kai a rika motsa baya da ciki. Wadda nake amfani da ita yanzu ta biyu ce, don ta farko asara na yi, kuma har da laifina a ciki.

Abin da ya faru shi ne na bi jadawalin da ke bayan kwali ido rufe. Girman kwallayen nan hawa hawa ne, 45, 55, 65, 75 har 85, jadawalin kuma ya ce mai irin tsawona 65 zai dauka, shi kenan na dauka. Ina zama wallahi ta lotsa kamar an danne fulo, gwiwoyina suka fi kuguna tsayi, na koma kamar mai tsuguno, tashi ma sai na dafa bango. Ashe jadawalin tsawo kawai yake tambaya, babu ruwansa da nauyi. Siriri mai tsawona ya zauna kadan za ta nutse, ni kuwa sai ta cinye kusan tafin hannu guda. Sai na ce bari in kara mata iska ta yi tauri, na yi ta bugawa har robar ta fara yin wani fari fari tana sheki wajen bakin toshiyar. Da likitan ya gani cewa ya yi kar in sake hawa, don an wuce da ita girmanta fatar ta yi siriri.

Shi ya koya min gwajin, kuma ba wuya. Ka zauna a tsakiyarta, tafin kafa biyu a kasa sosai, gwiwa ta lankwashe digiri 90, kugu ya yi daidai da gwiwa ko ya dan fi ta sama kadan. A kan 75 din nan haka nake samu cif bayan ta lotsa. Don haka mai kiba in jadawali ya ba ka lamba, ka gwada ta gaba da ita tukuna.

Inda na fi so a bude ido shi ne lambobin nauyi, nan ake yi wa mutane wayo. Kwalin tawa lamba biyu ce a jiki. Babbar da aka rubuta baro baro a gaba ita ce nauyin da za ta dauka in an dora a hankali ba motsi, karamar da aka boye a gefe kusa da kalmar anti-burst ita ce iyakar nauyin da in wani abu ya huda ta za ta sace sannu sannu, ba ta yi fus lokaci daya ka ji ka a kasa ba. Karamar nan ce tamu. Tawa kilo 250 aka rubuta, kusan ninkin nauyina, kuma haka nake so don in kana dan tsalle a kai ko ka rike karfen dagawa a hannu abin da ke sauka a kanta ya wuce kilon da sikeli ya nuna maka. In kwali bai nuna wannan lambar ba ni ko kyauta bana so.

Na ma ga amfanin haka da idona. Akwai wata karamar kwallo ta 55, kamfani daya da tawa, da matata ke amfani da ita, dan kunne ya fadi a kafet ya soke ta tana kai, sai muka ji tsiiii kawai, tana ta sauka a hankali har ta mike da kafarta. Ba mu yi mata faci ba, kwallon da ta huje ta gama aiki.

Af, wai ashe wani dan Italiya ne Aquilino Cosani ya fara kera su a shekarun 1960, likitocin fisiyo na Switzerland suka dauka suna aiki da su, shi yasa za ka ji ana ce mata Swiss ball.

Korafina biyu ne. Famfon da ta zo da shi abin wasan yara ne, hannuna sai da ya sage. Sannan warin roba ya yi kwana uku a daki. Wajen hurawa ka yi alamar santimita 75 a bango da tef, ranar farko ka tsaya kamar kashi 80 cikin dari, ka bar ta awa 24 robar ta saki jiki sannan ka cike, kar ka wuce alamar. A kan tayil tana zamewa sosai, sai da na shimfida mata tabarmar roba, kuma makulli ko biro a aljihun baya a cire kafin a zauna. Duk bayan sati biyu haka nakan jingina ta da bangon in duba, in ta sauka daga alamar in dan kara mata iska.