Holley Sniper EFI a Kan Tsohuwar Chevelle: Ko Ta Cancanci Kuɗinta a Tseren Kwata Mil?

Duk wanda ya sayi tsohuwar motar Amurka mai babban inji, irin su Chevrolet Chevelle ta 1970 ko Plymouth Road Runner, da niyyar farfaɗo da ita domin tseren miƙaƙƙen layi, ba zai daɗe ba zai tarar da tambayar da ta raba kan masu wannan sha'awa: a bar motar da kafireta kamar yadda aka ƙera ta, ko a mayar da ita mai injekta? Kamfanin Holley da ke Bowling Green a jihar Kentucky yana cin kasuwa ta ɓangarorin biyu. Shi ne ya fito da kafiretar 4150 a shekarar 1957, wadda har yau ake ganinta a filayen tsere, kuma kafiretarsa ce ke kan injin 454 LS6 mai ƙarfin doki 450 da aka sa wa Chevelle SS a 1970. Shi ne kuma ya fito da Sniper EFI (EFI na nufin fesa wa inji mai ta injekta da kwamfuta ke sarrafawa), na'urar da aka yi musamman domin ta maye gurbin waccan kafireta.

A ido, Sniper ta yi kama da kafireta mai maƙogwaro huɗu, kuma tana zama daram a mazaunin 4150 ba tare da an sauya bakin injin ba. A cikinta akwai injekta huɗu da kwamfutar da ke sarrafa su, sannan ana haɗa ta da sensa mai auna iskar oksijin a salansa da wata mai auna zafin ruwan inji. Wannan samfurin mai injekta huɗu yana iya ciyar da inji har zuwa ƙarfin doki 650, wanda ya wadaci mafi yawan injunan 350 da 454 (lambar girman inji ce a inci kubik) da ake gyarawa a gida. Ana saita ta da ɗan allo mai faɗin inci 3.5, inda mutum zai shigar da girman injinsa da yawan silinda da irin kamshaf ɗin da ke ciki, daga nan sai ta riƙa gyara lissafin man da kanta, amma ba ta fara wannan koyo sai ruwan inji ya kai zafin digiri 71 a ma'aunin salshiyas.

Abin da ya kamata mai saye ya sani tun farko shi ne Sniper ba na'urar ƙara ƙarfi ba ce. Kafiretar da ƙwararren bakanike ya saita da kyau tana ba da ƙarfi daidai da nata idan an take totur har ƙasa, kuma wanda ya saye ta yana tsammanin motarsa za ta rage daƙiƙa guda a kwata mil, wato mita 402, zai ji takaici. Amfaninta yana wani wuri dabam. Da yawa daga masu tsofaffin motoci suna shiga irin tseren da direba ke rubuta lokacin da yake hasashen motarsa za ta yi a jikin gilashi, wanda kuma ya yi sauri fiye da abin da ya rubuta ya sha kaye. A irin wannan gasa, motar da ke maimaita lokaci ɗaya daga safe zuwa dare ta fi mai gudu daraja. Kafireta ba ta san cewa rana ta take ko iska ta yi sanyi bayan magariba ba, don haka sai mai ita ya kwance ta ya sauya jet, wato ƴan ƙananan kafofin da mai ke bi a cikinta, yana kintace. Sniper kuwa tana karanta hayaƙin da ke fita tana riƙe haɗin iska da mai a inda aka ce mata, wanda a cikakken totur yakan kasance tsakanin kashi 12.5 da 13 na iska ga kashi 1 na fetur. A ganina wannan kaɗai ya isa hujjar sayenta. Ƙari a kai, motar tana tashi da sanyin safiya ba tare da an yi ta famfa totur ba.

Sai dai kuɗin da ke rubuce a jikin kwalin ba shi ne kuɗin aikin ba, kuma a nan ne tallar "ɗaura ka tafi" take da gyara. Kafireta tana aiki da matsin mai na psi 5 zuwa 7 (psi awon matsi ne), Sniper kuwa tana bukatar psi 58.5. Ma'ana, tsohon famfon mai da ke jikin inji ya tashi daga aiki, haka ma tsofaffin robobin mai, waɗanda dama fetur mai gaurayen etanol da ake sayarwa a Amurka ya riga ya cinye su. Dole a sayi famfon lantarki mai matsi, da matatar mai, da sabon tiyo mai jure matsin, da layin da zai mayar da ragowar man tanki. Tankin kansa shi ne babban al'amari a tsere. Lokacin da mota ta zabura daga layin farawa, man da ke tanki yakan ruga baya gaba ɗaya, kuma tankin 1970 ba shi da shingayen ciki da za su tare shi. Kafireta tana da ɗan kwano mai ajiye mai wanda ke rufa asiri na ɗan lokaci, injekta kuwa ba ta da ajiya, da zarar famfo ya zuƙi iska sai injin ya shaƙe a daidai lokacin da yake ƙarƙashin nauyi mafi tsanani, abin da ke iya ƙona fistin. Saboda haka sabon tanki mai shinge da famfo a ciki ba ado ba ne, wajibi ne, kuma ya kamata a lissafa shi tun kafin a biya kuɗin na'urar.

Wayoyin motar da ta haura shekara hamsin su ma sai an zauna da su. Takardar kamfanin ta bayyana cewa a haɗa wayoyin wuta kai tsaye da batir, kuma ba a banza aka faɗi haka ba, domin kwamfutar tana zaune ne a saman inji, kusa da kwayil da wayoyin fulogi, inda tartsatsin lantarki ke iya rikita mata lissafi. Wayoyin fulogi masu kariya da kyakkyawan haɗin ƙasa suna magance yawancin wannan. Haka nan salansa: ƙaramin yoyo kafin sensar oksijin zai sa ta ɗauka man ya yi kaɗan ta yi ta ƙarawa, kuma al'adar masu tsere ta kwance salansa a bar bututun a buɗe tana jawo irin wannan ruɗu idan sensar ta yi kusa da bakin fita. Wanda kuma injinsa ke shan man tsere mai dalma ya sani cewa dalma tana rage wa sensar kwana.

Ɓangaren da ya fi burge ni shi ne ajiye bayanan gudu. Bayan kowane zagaye mutum zai iya cire ɗan katin ajiya ya duba a kwamfuta yadda juyin inji da haɗin mai da zafin ruwa suka kasance daga tashi zuwa ƙarshen layi. Idan aka haɗa ta da distiributar HyperSpark ta kamfanin, wato mai raba wa fulogi wuta, har lokacin tartsatsin fulogi za a iya sarrafawa daga allon. Tsohuwar mota mai kafireta ba ta ba da wannan, sai dai a kwance fulogi a duba launinsa.

Kafin a taɓa aljihu, a duba dokar ajin da za a shiga. Hukumar NHRA mai kula da tseren miƙaƙƙen layi a Amurka, wadda Wally Parks ya kafa a 1951, tana da azuzuwa irin su Stock da ke bukatar tsohuwar mota ta ci gaba da amfani da irin kafiretar da ta dace da ƙirarta, kuma Sniper ba ta da wuri a can. Haka ma mai ainihin LS6 da bai taɓa sauya komai a cikinta ba, gara ya bar ta yadda take, domin darajarta a kasuwa tana cikin asalinta. Wanda na ga Sniper ta dace da shi shi ne mai Chevrolet Malibu ko Nova ta gama-gari, wanda ke tuƙa motarsa zuwa fili, ya yi tsere, ya kuma tuƙo ta gida. Idan kuɗinsa ba za su ɗauki na'urar da tanki da wayoyi a lokaci guda ba, shawarata ita ce ya fara da tankin da layin mai da tayoyin baya masu kama kwalta, ya ci gaba da kafiretarsa har kakar tsere ta gaba.