Kujerar mota a cikin jirgi: awa 14 a sama da 'yar wata 21

Sau biyu ke nan ina yin doguwar tafiya a jirgi da 'yata. A ta farko tana wata 8, a cinya na riƙe ta, da dare ya yi aka maƙala mana ɗan gadon jarirai a bangon gabanmu ta kwanta. A ta biyu, wadda muka dawo daga ita makon jiya, tana wata 21, nauyinta ya kusa kilo 12, ƙafa ta yi ƙwari, ga ƙiriniya. Gadon nan ba zai ɗauke ta ba, don kamfanoni da yawa sun tsayar da iyakarsa a wajen kilo 11. Sai na yanke shawarar saya mata tikitin kujerarta ita kaɗai, na kuma ɗauko kujerar da take zama a mota muka shiga da ita jirgi.

Maigida bai goyi baya ba da farko, kuma yana da hujja. Yaron da bai cika shekara 2 ba an yarda a riƙe shi a cinya, kuma a tafiyar ƙasa da ƙasa abin da ake biya masa bai cika wuce kashi 10 cikin 100 na tikitin babba ba. Kujera kuwa kusan kuɗin mutum guda ce. Ya ce, “Maman yarinya, wata uku ya rage dokar ta hau kanmu, me ya sa za mu kai kanmu tun yanzu?” Abin da ya tsaya mini a rai shi ne labarin jirgin Singapore Airlines da ya tashi daga Landan a watan Mayun 2024, ya faɗa mummunar gargadar iska, mutum ɗaya ya rasu, da dama suka jikkata, aka karkata da shi ya sauka a Bankok. Hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta daɗe tana faɗa cewa hannun uwa ba zai iya riƙe yaro ba idan jirgi ya yi irin wannan faɗawar, kujera mai maɗauri ita ce amintacciya. A jiragen Turai akan ba da ɗan ƙaramin bel da ake sarƙafawa a na uwa, a na Amurka kuwa ba a yarda da shi ba. Tunda masana ma ba su haɗu a kansa ba, ban ga dalilin dogara da shi tsawon dare ba.

Ba kowace kujerar mota ake bari a jirgi ba. Sai wadda ke da sitika a jikinta da ta nuna an amince a yi amfani da ita a jirgin sama, kuma kamfanin da za a bi yana da nasa sharaɗin, don haka na kira su tun kafin in biya. Faɗinta ma abin dubawa ne: wadda ba ta wuce santimita 41 ba takan shiga yawancin kujeru. Tamu ta shiga da ƙyar, sai da na ɗaga hannun kujerar da ke tsakaninmu. Gefen taga ake sa ta don kada ta tare wa kowa hanya in ana sauri a fita, kuma ba a sa ta a layin ƙofar gaggawa.

A ƙofar jirgin farko ma'aikaciyar ta tare ni, ta ce a kai kujerar cikin kaya. Na kifa ta na nuna mata sitikar, ta kira babbarsu, ita ma ta duƙa ta karanta, sannan suka ba mu hanya. Minti biyar ne, amma da yarinya a kafaɗa da layin mutane a bayanka, sun fi ƙarfin minti biyar. Daga baya ita ce ta riƙa kawo mana ruwa ba tare da na tambaya ba.

Ɗaurawar ba wuya in an san dabarar. Na kwantar da bayan kujerar jirgin, na zura bel ɗin ta ramin da ke bayan tamu, na ƙulle, na danna da gwiwa na ja, sannan na miƙar da bayan. Ta kafu, ko motsi ba ta yi. Kuskurena shi ne ban lura da inda bakin makullin ya fuskanta ba. Da muka sauka, marfin da ake ɗagawa ya manne da robar kujerar, yatsa ya ƙi shiga, fasinjoji duk suka fice ina durƙushe ina fama. A dawowa na murɗa bel ɗin rabin juyi kafin in ƙulle, marfin ya kalli baya, cirewa ta zo da sauƙi.

Inda kujerar ta biya kuɗinta shi ne barci. Yarinyar ta san ta, ta san ƙamshinta, ta san cewa in an ɗaure ta a ciki ba a sauka sai an tsaya. Ba mu yi rigimar bel ba ko sau ɗaya, alhali bel ɗin jirgi na cinya kawai yaro mai wayo kan gane buɗe shi nan da nan. Bayan an rage fitilu ta jingina kai a gefen kujerar, babban yatsa a baki, ɗayan hannun riƙe da bakin mayafina, ta yi barcin awa 6 ba farkawa. Wajen tsakar dare fitilar bel ta kunna, jirgin ya yi ta rawa har ruwan kofina ya zube. A layin da ke gefenmu wata baiwar Allah dole ta ciro jaririnta daga gado ta rungume, ya tashi da kuka. Tawa ko juyi ba ta yi ba. Na ɗora hannu a ƙirjinta ina jin numfashinta, hankalina a kwance, abin da ban samu ba a tafiyar farko.

Kunne kuwa kujera ba ta maganinsa. Iskar cikin jirgi daidai take da ta kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, kuma ƴar hanyar da ta haɗa kunne da maƙogwaro ƙarama ce a yara, tana saurin toshewa. Saukowa ta fi tashi zafi. Kusan rabin awa kafin sauka nakan tashe ta in ba ta kofin tsotso, haɗiya na buɗe hanyar. Ban ji daɗin katse mata barci ba, amma a zangon da na bar ta sai da ta farka tana jan kunne tana ihu. Iskar kuma busasshiya ce ƙwarai, leɓenta ya tsage kafin safiya. Madara da ruwan yaro ba su shiga dokar da ta taƙaita ruwan da fasinja zai shiga jirgi da shi zuwa mililita 100 a kowace kwalba ba, an dai ware su an duba a wurin bincike.

Aibinta biyu manya. Na farko, tana ɗaga yaro sama ta matsar da shi gaba, ƙafarsa ta kai daidai bayan kujerar na gaba. Wani dattijo ne a gabanmu, ya sha shuri kafin in cire mata takalma. Na leƙa na ce, “Baba, a yi haƙuri.” Ya ɗaga hannu ya ce shi ma yana da jikoki, amma na san na hana shi sakewa. Teburin cin abinci ma ba ya sauka a kanta, komai a hannu na riƙa ba ta. A dawowa maigida ya zauna a gabanta, ya sha shurin shi kaɗai, kuma haka zan shawarci duk iyayen da za su yi tafiya su biyu.

Na biyu, dako. Mun yada zango na awa 3, ƙofar jirgi na biyu kuma tana can ƙarshen filin. Kujera mai kilo 7, jakar famfas, jakar hannu, ga yarinya da ta ƙi a ɗauke ta ta kuma ƙi tafiya. Hanyar cikin jirgi ta yi mata ƙunci, sai an ɗaga ta sama da kawunan kujeru. Da ni kaɗai ce da na sha wuya sosai. Igiyar da muka ɗaure ta da ita a jikin akwati mai taya ta taimaka, amma kafaɗata har yau tana ciwo.

Duk da haka zan sake, kuma ina ba duk uwar da ɗanta ya fara tafiya shawarar ta yi, in tafiyar ta haura awa 6 kuma aljihu zai ɗauka. Abin da zan canza kawai shi ne kujerar kanta: zan nemi marar nauyi, siririya, in bar yarinyar ta yi wata guda tana zama a cikinta a mota kafin ranar tafiya.